Me Ke Ɗauke Nonon Masu Jego a Kurmi?

Duk wanda ya zauna a unguwannin mutanenmu na nan Kurmi, ko Agege ce, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko ta Shagamu, ya san wani kuka da ke yawan fitowa daga ɗakin mai jego. Kukan kuwa shi ne, "Nonona ba ya isar yaron nan." Yarinya ce lafiyayya, ta sauka lafiya, an yi suna, an ci an sha, amma kafin a yi arba'in sai ka ji an ce nono ya ɗauke. Daga nan sai a tashi maigida ya tafi kanti ya sayo gwangwanin madara da fida. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, yayarta da ta haihu a gida, a Gumel ko Illela, ba ta fi ta cin mai kyau ba, amma ga nono har yana jiƙa mata zane. Saboda haka wasu su ce ruwan Kurmi ne bai karɓe ta ba, wasu su ce yawan cin teba ne, wasu kuwa su ce baki ne ya kama ta.

To, ba ruwa ba ne, ba kuwa teba ba. A galibin lokaci abin da ya bambanta ƙanwar da yayar shi ne kwanciyar hankali, da kuma yawan hannuwan da ke kewaye da kowacce.

A tuna yadda a ke yi a gida. Mace in ta haihu, musamman haihuwar fari, sai ta tafi wankan gida wurin iyayenta. Kwana arba'in ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta ɗora tukunya. Akwai tsohuwa mai dafa ruwan wanka da asuba, akwai mai dama kunu, akwai ƙanne masu karɓar jariri in ya ƙoshi domin uwar ta runtsa. Aikinta kaɗai ta ci, ta kwanta, ta ba da nono. Maƙwabtanmu Ibo ma suna da irin wannan, suna kiransa omugwo, watau uwar mai jego ta taso daga garinsu ta zo ta zauna da 'yarta har ta warware. Al'ummomi dabam-dabam ba su haɗu a kan wannan dabara a banza ba.

Yanzu a dubi wadda ta haihu a nan. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, ƙofa na kallon ƙofa, bayan gida ɗaya na mutum talatin, ruwa sai an saya a wurin mai garuwa. Kuɗin motar da zai kawo gwaggo daga Sakkwato ya kai ta, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ya fi ƙarfin yawancin magidanta. In ma ta zo, ina za ta kwana? Maigida ya fita tun duku-duku, wajen gadi, ko kara, ko kasuwar Mile 12, ba zai dawo ba sai dare ya raba saboda gosulo. In ɗan acaba ne, to, tun da gwamnatin Ikko ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a watan Yuni na 2022, kullum ya fita gaban matar na faɗuwa, ko za a kama babur ɗin yau. Ga janareton maƙwabci a gindin taga har asuba, ga mai gida yana aiko da saƙon kuɗin haya. Kwana bakwai da haihuwa mace ta miƙe tana wanki da girki, ga wasu yaran biyu na jan zanenta, ga maƙwabtan da ba ta jin harshensu sosai. Wannan ita ce za a ce ta zauna ta saki jiki nono ya zubo.

Yadda nono ke zuwa

Akwai wata 'yar ƙullutuwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Daga cikinta ne sinadarai biyu ke shiga jini duk lokacin da jariri ya kama nono. Na farko likitoci na kiransa furolaktin, shi ne mai sa a haɗa nonon. Ya fi yawa da dare, shi ya sa shayarwar dare ke da muhimmanci. Na biyu sunansa oksitosin, shi ne mai matso nonon da aka riga aka haɗa ya gangaro zuwa bakin yaro. Shi ne abin nan da mata ke ji kamar tsikari a ƙirji, har ɗaya nonon ya riƙa ɗiga in yaro na shan ɗaya. Wani lokaci jin kukan ɗan kaɗai ya isa ya tayar da shi.

Wannan na biyun shi ne matsoraci. Tsoro, ko zafin ciwo, ko kunya, ko ɓacin rai, duk suna iya tare shi. Mata su gafarce mu da misalin da za mu kawo, amma babu wanda ya fi shi fitar da zancen. Kowane Bafillace ya san saniya ba ta sakin nono sai an kawo mata maraƙinta ya fara tsotsa, in kuwa baƙon kare ya yi haushi a kusa, ko aka doke ta, sai ta riƙe abinta, ka yi ta tatsa ba ka samun komai. Hantsar cike ta ke, nonon bai tafi ko'ina ba, hanya ce ta rufe. In hankalinta ya dawo sai ya sauko.

A 1948 wasu masu bincike a Amurka, Niles Newton da mijinta Michael Newton, suka gwada wannan a kan wata mai shayarwa. Su kan auna jaririyar a ma'auni kafin ta sha da bayan ta sha. Wasu ranaku a bar uwar ta shayar cikin natsuwa. Wasu ranaku kuwa a tsoma ƙafafunta cikin ruwan ƙanƙara, ko a riƙa jan manyan yatsun ƙafarta, ko a riƙa yi mata tambayoyin lissafi, in ta kuskure a ɗan ja ta da lantarki. A ranakun wahala abin da yarinyar ta sha ya ragu ƙwarai. Da aka yi wa uwar allurar oksitosin a cikin wannan wahalar, sai nonon ya sauko kusan kamar yadda ya saba. Watau nonon yana nan, tashin hankali ne ya tsare ƙofa.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura, domin a nan a ke yin ɓatan kai. Damuwa ita kaɗai ba ta ƙafar da nono. Tare shi ta ke yi na ɗan lokaci. Abin da ke ƙafar da shi shi ne abin da a ke yi bayan an tsorata. Yaro ya kama, nono bai sauko da wuri ba, ya saki ya tsala kuka. Uwa ta ƙara ruɗewa. Maƙwabciya ta leƙo ta ce yunwa ce, a ba shi ruwa, a ba shi madara. Ya sha fida ya yi barci awa huɗu bai taɓa uwarsa ba. Shi kuwa nono halinsa irin na rijiya ne, sai ana ɗiba ya ke ɓuɓɓugowa. In ya kwana a ƙirji ba a cire shi ba, jiki sai ya ɗauka ba a bukatarsa, ya rage haɗawa. Gobe nonon ya ragu da gaske, a ƙara fida, jibi ya ƙara raguwa. Cikin mako biyu ko uku abin da ya fara da zato ya zama gaskiya, kowa ya ce, "Ai da ma mun faɗa."

An ga wannan a lokutan tarzoma. Waɗanda suka ga rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, ko na kasuwar Shasha a Badun a watan Fabrairu 2021, sun san yadda mata ke gudu da goyo su kwana a wurin da ba nasu ba, da safe su ce nono ya tsaya cak. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a irin wannan hali ita ce, a sama wa uwar wuri mai sirri, a ba ta abinci da ruwa, ta ci gaba da sa yaron a nono, zai dawo. Raba gwangwanin madara a wurin da babu ruwa mai tsabta ya fi yunwar da a ke gudu haɗari.

Da yawa nonon bai ragu ba ma

Wani abin da ya kamata a faɗa shi ne, yawancin masu cewa nononsu ba ya isa, yana isa. Ranar da aka haifi jariri cikinsa bai ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a sha guda. Dakashin nan mai kauri, ruwan ɗorawa, wanda wasu tsofaffi ke cewa a matse a zubar wai ƙazanta ne, daidai cikinsa aka yi shi, kuma shi ne rigakafinsa na farko. Farin nono ya kan zo a kwana na 2 zuwa na 4. Ya kan ɗan makara ga mai haihuwar fari, da wadda ta daɗe tana naƙuda, da wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗan, da mai ciwon sukari. Makara ce, ba rashi ba. Gwajin nan kuwa da a ke yi a wasu gidaje, a tatsa nono a jefa tururuwa a ga ko za ta mutu, ba ya nuna komai game da nonon. Abin da ya ke yi kawai ya hana yaro uwarsa kwana biyu, ya jefa yarinya cikin zullumi a daidai lokacin da ta fi bukatar natsuwa.

Jariri sabon haihuwa ya kan nemi nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, wani ma fiye. Da magariba wasu su kan maƙale a ƙirji awa biyu, su sha su saki su koma. A wajen mako 3, da mako 6, da wata 3, ya kan yi kwanaki yana nema kamar bai taɓa ƙoshi ba, saboda girma ya taso masa, kuma da wannan nacin ne ya ke ƙara yawan nonon. Bayan arba'in ƙirjin ya kan yi laushi, ɗigar ta tsaya. Mata da yawa a nan su ke karaya, alhali kuwa jiki ne ya gane ma'aunin ɗansa ya daina yin ambaliya.

Kuka ba shi ne ma'auni ba, domin zafi na sa kuka, sauro na sa kuka, jiƙaƙƙen ƙunzugu na sa kuka. Ma'auni biyu ne. Na ɗaya fitsari: daga kwana na 5, yaron da ke shan nono zalla in yana jiƙa ƙunzugu sau 6 ko fiye a dare da rana, fitsarin kuma fari ne ba ja ba, to yana samu. Na biyu nauyi. Kowane jariri ya kan ɗan rame a kwanakin farko, amma ya kamata ya koma nauyin haihuwarsa kafin mako 2, daga nan ya riƙa hawa. Wanda bai ƙara rabin kilo a wata ba, a nan ne akwai magana.

Batun ruwa kuwa, mun san zai yi wa wasu nauyi. Ana cewa yaya za a hana ɗan mutum ruwa a wannan zafi? Amsa ita ce, kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Duk cokalin ruwan da aka ɗura wa jariri ya cinye wurin nono a cikinsa, ya rage tsotso, ga kuma abin da ruwan garuwa ke iya ɗaukowa. Shi ya sa likitoci suka tsaya a kan nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara 2. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 ne kacal cikin 100 ke samun nono zalla a Nijeriya. Zuma ma a ajiye ta sai yaro ya shekara, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai shanye jikin jarirai.

Abin da ke maido shi

Maganin farko ba a kanti ya ke ba. Uwa ta samu kwana biyu ko uku ta ajiye komai, ta kwanta da ɗanta, ta cire masa riga ta ɗora shi a ƙirjinta fata na taɓa fata, ta ba shi duk lokacin da ya motsa baki, dare da rana, ya gama da ɗaya kafin ta juya shi ɗayan. A duba kamun da ya ke yi: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa a waje, haɓa na taɓa nono, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nonon, ba kan kaɗai ba. In shayarwa na yi wa uwa zafi har kan nono ya tsage, kamun ne bai yi daidai ba, kuma zafin da kansa yana tare saukowar nono. Ungozoma ko nas a asibitin unguwa za ta gyara wannan cikin minti goma. Tsumma mai ɗumi a ƙirji kafin a fara, da wani ya ɗan murza mata baya da kafaɗu, duk suna taimakawa. Ko wadda ta yi makonni tana ba da fida tana iya maido da nononta ta wannan hanya, a riƙa rage madarar sannu a hankali ana auna yaron, sai dai ya kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni.

To, wa zai yi girki da wanki a kwanakin nan? Nan ne maganar ta dawo kanku, magidanta. Mutum ya yi rago biyu ranar suna, ya kira maroƙa, amma ya kasa biyan mai garuwa da mai wanki na wata ɗaya, wannan lissafi bai fita ba. Ka sayo tuwo a waje na 'yan kwanaki ba abin kunya ba ne. Ka ɗauki yaron bayan ya sha domin ta yi barcin awa biyu. Faɗan kuɗin cefane da labarin ƙarin aure, a jingine su har a yi arba'in. Kalma ɗaya irin "ke ko nono ba ki da shi" ta isa ta rufe ƙofar nan da muka ambata har gobe. Matan unguwa kuma da ke zuba adashi don biki, ba abin da zai hana su raba kwanakin arba'in a tsakaninsu, yau wance ta kai wa mai jego abinci, gobe wance ta kwashe mata yara. Wadda ba ta da uwa a kusa, ku ne iyayenta.

In kuwa lissafin aljihu ne zai fi shiga kunnen maigida, ga shi. Jaririn da ke kan madarar gwangwani kaɗai yana bukatar wajen kilo 20 a wata 6 na farko, watau gwangwani 50 na mai giram 400. Kowa ya tambayi kuɗin guda ɗaya a kanti ya ninka. Abin da ke faruwa shi ne, in kuɗi ya gaza sai a riƙa tsinka madarar da ruwa domin gwangwani ya kai ƙarshen wata, yaro na sha yana ramewa, ga fidar da ba a dafa ba tana kawo zawo. Saboda irin wannan ɓarna ce ƙasashen duniya suka kafa ƙa'idar hana tallar madarar jarirai a 1981, Nijeriya kuma ta yi tata dokar a 1990.

Abinci fa? Mai shayarwa tana bukatar ƙari a kan abin da ta saba ci, ta kuma sha ruwa duk lokacin da ta ji ƙishi. Kunun gyaɗa, da fura, da zogale, da farfesu, duk abinci ne masu kyau, a ba ta. Amma kada a ɗauka akwai wani kunu ko hulba da za su yi aikin tsotson yaro. Binciken da aka daɗe ana yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya ya nuna ko matan da ba su ƙoshi sosai ba suna samar da nono mai yawa, jikinsu ne ke biyan bashin. Masu ba da shawarar a sha bammi ko giya, a gode musu a wuce, giya tana rage saukowar nono ne. Kunun kanwa kuma a yi hattara da shi. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikin shekarun 1970, sun lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa da tsananin gashi. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a kai ta ran nan.

Masu fita aiki suna da ɗan abin dogara. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba mai haihuwa hutun mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa in ta koma, Jihar Ikko kuma ta mai da hutun ma'aikatanta wata 6 a 2014, ga haihuwa ta fari da ta biyu. Sai dai matanmu nawa ne ke aikin gwamnati a nan? Mai tuyar waina da mai aikatau babu wanda ke ba su hutu. Irin waɗannan su koyi tatsa da hannu a cikin kofi mai murfi wanda aka wanke da tafasasshen ruwa. A wuri mai sanyi-sanyi ya kan kai awa 4 bai lalace ba, a ba yaro da ƙaramin kofi ko cokali, ba da fida ba.

Inda ba damuwa ce kaɗai ba

Akwai 'yan kaɗan waɗanda nasu rashin na gaske ne, kuma zalunci ne a ce musu su kwantar da hankali kawai. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, 'yar ƙullutuwar nan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa tana iya lalacewa, nono ya ƙi zuwa sam, haila ma ta ƙi dawowa, ga kasala. Wadda guntun mabiyiya ya saura a cikinta, nono ba zai zo sosai ba sai an fitar da shi. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa suna rage nono, saboda haka a faɗa wa nas ana shayarwa domin ta zaɓi wanda ya dace. Sabon ciki ma yana rage shi. In likita ya duba ya ce a ƙara da madara, a ƙara, a dama ta yadda aka rubuta a jikin gwangwani da ruwan da aka tafasa, kada kuma kowa ya goranta wa uwar.

Sa'an nan akwai damuwar da ta wuce ta kuɗin haya. Yawancin masu jego su kan yi 'yan kwanaki suna kuka ba dalili, ya wuce kafin mako 2. Amma in ya zarce, mace ba ta barci ko da yaro ya yi, ba ta son abinci, ba ta son ɗaukar ɗan, tana cewa ita ba ta da amfani ko gara ta mutu, wannan ciwo ne, ba iskoki ba ne, ba kuwa rashin godiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 na gamuwa da irinsa bayan haihuwa. Yana da magani, kuma akwai magungunan da ba su hana shayarwa. Asibitin koyarwa na Idi-Araba, da na Badun, da na Yaba, da na Aro a Abekuta, duk suna da likitocin wannan fanni. Wadda ta fara zancen mutuwa kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kada kuma a jira gobe.

Shi ma yaron akwai alamun da ba a kwana da su a gida: ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya tashi sha, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko maɗigarsa ta faɗa, ko idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, ko jikinsa ya yi zafi. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, gardama ce kawai tsakanin mai jego da maƙwabta a kan ko nono na isa, to, a ɗauki katin asibiti a tafi. Ana auna jarirai a ranakun rigakafi, watau mako 6, da mako 10, da mako 14, kuma babu nas ɗin da za ta ƙi ɗora shi a ma'auni in an kai shi tsakanin waɗannan ranaku an ce ana shakka.